Haƙoran da Ba Sa Ciruwa

"Ran Juma'a ba wanda za a shimfiɗa wa tabarma a gidan nan, sai an san abin da ke cikin bakin yaron nan."

Inna Dije, mahaifiyar Mairamu, ce ta faɗi haka, tana tsince shinkafa a faifai, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Mairamu da ke wanke kofunan shayi a bakin rariya ta dakata da wankin. Wannan Juma'ar ce dangin Ghissa za su kawo gaisuwar neman aurenta. Allah kaɗai ya san irin kukan da ta sha kafin mahaifinta, Alhaji Zayyadu, mutumin Damagaram mai shagon kayan abinci a kasuwar Arlit, ya yarda ya ba Ba'abzine 'yarsa. Yanzu kuma da magana ta zo gangara, ga wata sabuwa.

"Inna, me ke cikin bakinsa in ban da haƙora?"

"Haƙoran wa? Nasa dai duk gari an san inda suka zube."

Gaskiya ne, an sani. Ghissa direba ne a wani kamfanin masu neman yuraniyom a wajen Imouraren. Bara motar da yake tuƙawa ta taka nakiya a hanya, Allah ya sa da sauran shan ruwa a gaba, ya fita da rai, amma sitiyari ya kwashe masa haƙoran gaba na sama kaf. Kamfani ya tura shi Tunis neman magani. Ya yi watanni can, ya dawo da haƙora reras, farare tas, kamar ba abin da ya taɓa samunsa.

Da a wani lokaci ne, da barka kawai za a yi masa. To amma Arlit ta wannan shekara ba garin barka ba ce. 'Yan tawaye na cikin duwatsun Abzin, soji sun cika gari, mota ba ta fita sai da rakiya, kuma ga baƙi masu neman arziki suna ta kwararowa, ba ka san wane ne wane ba. Mutum ko atishawa ya yi sai maƙwabcinsa ya tambayi kansa wa ake yi wa ishara.

Inna ta ajiye faifan.

"Siddiƙ ya ce ba hannun mutum ya dasa su ba, kwamfuta ce. Ya ce ƙarfe ne aka nutsa masa a cikin ƙashi, irin pus ɗin nan, ɗan katin layi da ake sa wa salula. Duk abin da aka faɗa a gabansa, yana tafiya kunnen waɗanda suka sa masa."

"Yaya Siddiƙ! Haba Inna, ke ma kin san abin da ke cin Yaya Siddiƙ."

Wa bai sani ba? Siddiƙ ɗan wan Alhaji ne, shi ke tsaron shago, yana ɗan taɓa sayar da salula a gefe, shi ya sa duk gidan ake ganinsa masanin na'ura. Tun Mairamu na zuwa makarantar allo yake cewa tasa ce. Ranar da aka ce an ba Ghissa ita, ko tuwon gidan bai ci ba.

"Na sani sarai," in ji Inna. "Amma ki dube ni nan. Zancen buhunan nan, wa kika gaya wa?"

Kofin da ke hannun Mairamu ya suɓuce ya koma cikin ruwa.

Kwanakin baya wasu masu raƙuma sun zo shagon Alhaji, suka sayi shinkafa da sukari da ganyen shayi masu yawa. Alhaji ɗan kasuwa ne, bai tambaye su inda za su kai ba, sai daga baya tsoro ya kama shi, kada ya zamana 'yan tawaye za a kai wa. Mairamu ta ji yana faɗa wa Inna, abin ya dame ta, da Ghissa ya zo zance ta gaya masa don ta sami sauƙi a ranta. Mako bai zagayo ba masu kaki suka dira a shagon, suka birkice shi, suka tsare Alhaji da tambayoyi tun safe har la'asar kafin suka sake shi.

Abin haushi, duk gidan ba wanda ya tuna cewa Siddiƙ ne da hannunsa ya ɗora wa raƙuman nan kaya. Ita kanta Mairamu ba ta tuna ba. Abin da ta tuna kawai shi ne ta buɗe baki a gaban Ghissa.

"Ba shi ba ne, Inna," ta ce.

"Ni ban ce shi ba ne. Ƙila shi ma bai san abin da suka sa masa ba. Nasara zai ɗauki baƙin mutum a jirgi har Tunis don kawai yana son ya gan shi yana murmushi? Ki yi tunani, 'yar nan. Ubanki in aka sake ɗaukarsa, ba lalle ya dawo ba."

Mairamu ta shige ɗaki ta kife a kan gado. Kuka take yi, amma ba kukan da ta saba ba ne na an hana ta wanda take so. Wannan ya fi ciwo, don a ƙasan zuciyarta wata murya na cewa, in kuma gaskiya ne fa?

* * *

Bayan la'asar Ghissa ya zo, don yanzu ba mai zancen dare a Arlit. Dogo ne siriri, da rawaninsa shuɗi, amawali ya rufe masa baki da rabin hanci kamar yadda mazan Abzinawa ke yi. Idanunsa kaɗai ke waje, kuma da idanun nan ya sace ta tun farko.

Ta shimfiɗa masa tabarma a soron waje, ta zauna can nesa.

"Ina wuni?"

"Lafiya lau. Yau kuma tabarmar ce ta yi tsawo, ko ni ne na yi wari?"

Da can da dariya za ta yi. Yau sai ta tsinci kanta tana auna kowace kalma kafin ta fito. Ya tambayi lafiyar Alhaji, ta ce lafiya. Ya tambayi kasuwa, ta ce ita ba ta san zancen kasuwa ba. Idonta na kan amawalin nan, tana jin kamar su uku ne a soron.

Ghissa ya daɗe yana kallonta.

"Zancen ya iso nan ke nan."

"Wane zance?"

"Kada ki yi min haka, Mairamu. A wurin mai shayi in na zauna sai kowa ya tuna yana da uzuri. Jiya wani ya ce min in gaishe da masu saurare. Na ɗauka ko duk Arlit ta guje ni, akwai soro ɗaya da zan zauna."

Hawaye suka cika mata ido.

"To ka gaya min mana! Tun da ka dawo ba ka taɓa gaya min abin da suka yi maka ba. Me ya haɗa haƙori da kwamfuta?"

Ya sauke numfashi.

"Ban faɗa ba don ba na son tuna kwanciyar nan. Amma ji. Da aka kai ni, lokotoro, wato likita, ya ce ƙashin sama ya farfashe, wurin da ya rage mai ƙwari kaɗan ne. In ya huda da ka, zai iya kaucewa ya shiga inda bai kamata ba. Sai suka sa kaina a wata na'ura, ta ɗauki hoton ƙashin ta kowane gefe. Na ga ƙoƙon kaina da idona a kwamfuta, yana juya shi yadda ya ga dama. A nan ya zaɓi inda kowace ƙusa za ta zauna, da zurfinta, da yadda za ta karkata."

"Ƙusa?" Ta dafe ƙirji.

"Ƙusa ƙarama mai zare, ba ta kai gaɓar yatsa ba. Daga hoton nan suka ƙera wata roba daidai bakina, da 'yan ƙofofi a jikinta. Ranar aiki aka kifa min ita a dasashi, ya bi ƙofofin ya huda. Aikin kwamfuta ke nan, nuna hanya kawai. Sai na zauna jira har ƙashi ya kama ƙusoshin, sannan aka ɗaura haƙora a kai. Abin da ya riƙe ni can ke nan."

"Kuma ba komai a cikin ƙusar?"

"Ƙarfe ne zalla."

"Kai ka duba? Ko dai abin da suka gaya maka ne?"

Tana faɗa ta so ta mayar da maganar, amma ta riga ta fita.

"Ban duba ba," ya ce a hankali. "A kwance nake, bakina a mace. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Ya waiga, ya ga ba kowa a ƙofa. Sai ya sa yatsa ya ja amawalin ƙasa. Wannan ne karo na farko da ta ga bakinsa tun da ya dawo. Ga tabon ɗinki a leɓen sama, ga haƙoran a jere, sun fi na da kyau, sun fi na da fari. Kyan nan nasu ma shi ya ƙara ba ta tsoro.

"Da na so, da na zauna da giɓina," ya ce. "Mu da ke rufe baki, wa zai gani? Ke kaɗai za ki gani. Don ke na yarda aka huda min ƙashi, don kada ki buɗe amawalin mijinki ki ga kango."

Kuka ya ƙwace mata.

"Ghissa, kai kaɗai na gaya wa zancen buhunan nan. Kai kaɗai! Ka ce min yaya zan yi da zuciyata? Ina sonka, wallahi ina sonka, amma Baba fa? In suka tafi da shi saboda bakina?"

"Saboda bakinki, ko saboda nawa?"

Ya mayar da amawalinsa, ya miƙe.

A ƙofa ya ci karo da Siddiƙ, wanda Allah kaɗai ya san tun yaushe yake tsaye a wurin. Siddiƙ ya yi wani murmushi mai ƙona rai.

"Baba Alhaji ya ce gobe da hantsi yana son ganinka."

* * *

Da hantsi Alhaji Zayyadu ya zauna a zaure kan buzunsa, carbi a hannu. Siddiƙ na gefensa ya harɗe ƙafa, sai ka rantse shi ne mai gidan. A tsakiyar tabarma an ajiye kofin silba cike da ruwa. Mairamu da Inna suna bayan labulen ƙofar da ke shiga cikin gida, suna jin komai.

Ghissa ya yi sallama, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Kafin ya gaisar sai da ya ja amawalinsa sama har ƙarƙashin ido.

Siddiƙ ya taɓa gwiwar Alhaji.

"Ka gani ko, Baba? Ƙara rufewa yake."

Kaico, rashin sani! Shekarun Alhaji a Arlit sun fi shekarun Mairamu a duniya, amma ciniki kawai ya sani da Abzinawa, bai taɓa haɗa surukuta da su ba. Bai san cewa a wurinsu iyakar girmamawa ke nan ba. Ba'abzine ba ya barin surukinsa ya ga bakinsa, ba ya ci ba ya sha a gabansa, in ya gan shi ma ƙara jan rawani yake. Abin da yaron ya yi don kunya, shi aka karanta a matsayin ɓoye-ɓoye.

"Ghissa," in ji Alhaji, "ni ba na son doguwar magana. Na ce na ba ka, kuma ban saba yin magana biyu ba. Amma gidana ya shiga bakin duniya, ni kaina na wuni a hannun hukuma. Ga kofi nan. Wana, uban Siddiƙ, haƙoran asibiti gare shi, kullum zai kwanta sai ya cire ya jiƙa a ruwa. Cire naka ka sa a nan, Siddiƙ ya duba. In ba komai, ka mayar da abinka, Juma'a tana nan."

"Alhaji, ka gafarce ni. Nawa ba sa ciruwa."

"Kamar yaya ba sa ciruwa?"

"A cikin ƙashi aka dasa su."

Siddiƙ ya tafa hannu.

"Allahu akbar! Me na gaya maka, Baba? Haƙorin gaskiya na asibiti ai cire shi ake yi a wanke. Wanda aka ɗaure da ƙarfe don kada mai shi ya iya rabuwa da shi, me ake nufi da shi? Ni salula nake sayarwa, na san ƙanƙantar abin da ke ɗaukar magana."

Inna ta matse hannun Mairamu a bayan labule, ta raɗa mata, "Kin ji ko?"

Fuskar Alhaji ta canza.

"To sauke rawanin, mu gani da idonmu."

Ghissa ya sunkuyar da kai.

"Alhaji, ka ce in yi maka dako daga nan har Agadez a ƙasa, zan yi. Wannan kam ka yafe min. Kai uba ne a wurina. Ubana da ya haife ni bai ga bakina ba tun ranar da aka naɗa min rawani. In na buɗe a gabanka, na zubar da girmanka, na zubar da nawa. Dangina in suka ji, ba zan iya zama cikinsu ba."

"Kunya ce ko tsoro?" in ji Siddiƙ.

"Ba da kai nake ba."

Alhaji ya ja carbinsa. Ba mugun mutum ba ne, tsoro ne ya cika masa ciki, kuma yana neman ƙofar da zai fita ba tare da ya zalunci kowa ba. Can sai ya ɗaga murya.

"Mairamu! Na san kina nan. Fito."

Ta fito, ta durƙusa a bakin ƙofa, mayafi ya rufe rabin fuskarta.

"Siddiƙ ya ce jiya Ghissa ya buɗe miki bakinsa, kin gani. Haka ne?"

"Haka ne, Baba."

"To shi ke nan, an huta. Ni ban san na'ura ba, amma na san 'yata, ba ki taɓa yi min ƙarya ba. Ke kika gani, ke kika san shi. Ki rantse da Allah zuciyarki ba ta zarginsa da komai, ni kuma na bar maganar har abada. Ba sai ya sauke rawani ba."

Siddiƙ ya zabura.

"Baba, ai mace in tana so..."

"Rufe min baki!"

Ghissa ya ɗago kai a karo na farko, ya dube ta. Ba roƙo a idonsa, natsuwa ce, irin ta wanda ya san an gama, an ba shi gaskiya.

Mairamu ta buɗe baki.

Kalma ɗaya ce. Wallahi. Kullum tana faɗinta a kan abin da bai kai ya kawo ba, a kan gishirin miya, a kan canjin kasuwa. Amma yau sai ta ga Baba zaune a hannun masu kaki tun safe har la'asar. Ta ji muryar Ghissa yana cewa bai duba ba, a kwance yake. Da Allah aka ce ta rantse, kuma a kan abin da ke cikin zuciyarta, ita kuwa ta san abin da ke ciki.

Leɓunanta suka yi ta motsi, ba abin da ya fito sai kuka.

"Muna jinki," in ji Alhaji.

"Baba... ni... ina sonsa, Baba."

"Ba shi na tambaye ki ba."

Ta kifa kai a gwiwa. Siddiƙ ya gyara zama, har da ɗan tari.

Natsuwar nan ta bar idon Ghissa a hankali, tana kallo ta gefen mayafinta. Sai ya ɗaga hannu biyu ya kama rawaninsa.

"A'a, yaro, dakata," in ji Alhaji, don shi ma jikinsa ya ba shi abin ya wuce inda ya nufa.

Ghissa bai dakata ba. Ba amawalin kaɗai ya ja ba, rawanin gaba ɗaya ya warware, naɗi bayan naɗi, har ya taru a cinyarsa. Ga kansa a waje, ga tabo, ga baki. Ya matso gaban Alhaji a kan gwiwoyinsa, ya buɗe baki, ya sa yatsa ya ɗaga leɓensa kamar yadda ake yi wa raƙumi a kasuwa. Hawaye na bin kumatunsa, bai share ba.

Alhaji ya kawar da kai, kunya ta rufe shi.

"Subhanallahi. Rufe, ɗana, rufe. Ya isa."

"Siddiƙ bai duba ba tukuna. Zo ka duba. Kawo ƙarfe ka ƙwanƙwasa in kana so."

Siddiƙ ya kasa motsi, sai kallon tabarma yake.

Mairamu ta rarrafo, mayafinta ya zame, ba ta ma sani ba.

"Na rantse! Baba, wallahi tallahi na rantse, ba komai, ba shi ba ne! Ghissa, na rantse!"

Yau ga ta tana kiran sunansa a gaban mahaifinta, abin da ba ta taɓa yi ba.

Alhaji ya share gumi da hannun riga.

"Na ji, na yarda. Ghissa, ka yi haƙuri, sharrin zamani ne. Juma'a tana nan yadda aka sa."

Ghissa ya ɗauki rawaninsa ya shiga naɗawa, a hankali, bai bar ko naɗi ɗaya ba. Sai da ya ja amawalin ya rufe bakinsa sannan ya juyo wurinta. Muryarsa ba faɗa a ciki, kuma da faɗan ya yi da ya fi mata sauƙi.

"Yanzu ai kowa ya gani, Mairamu. Ɗazu nake neman rantsuwarki, lokacin da ba wanda ya gani sai ke."

Ya durƙusa wa Alhaji kamar yadda ya yi da zuwansa, ya miƙe ya sa takalminsa.

"Ghissa, don Allah! Don girman Allah ka tsaya!"

Ya tsaya a bakin ƙofa, amma bai waiwayo ba.

"Alhaji, a gaya wa Inna kada ta wahalar da kanta da girki ran Juma'a. Mutanenmu ba za su zo ba."